Shekarar da Inna Ta Yi Ƙawa

Amira da Nasir, akwai labarin da kuke bayarwa a kaina wanda ba haka yake ba, kuma ni na bar ku kuka ɗauke shi a karkace. A sallar da ta wuce na ji Amira tana gaya wa 'ya'yanta cewa kakarsu mace ce mai tsayawa a kan addini, har ta taɓa fitar da shukar masu bautar gumaka daga gidanta ba tare da ta ji nauyin kowa ba. Ina zaune ina ji, na ci gaba da yanka albasa. Yanzu na ajiye aikin asibiti, gwiwa ta zaunar da ni, na ga gara in rubuta yadda aka yi tun ina iya riƙe alƙalami. Ba addini ne ya sa na fitar da tukunyar nan ba. Kishi ne. Kishin mahaifiyata na yi da wata tsohuwa 'yar Indiya.

Ku da aka haifa a nan sai na yi muku bayani. Ni ce 'yar farin Inna. A gidajenmu na cikin birnin Kano, a zamanin da na tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai dai wata ta ɗaga shi. Kunya ake ce wa wannan, da ita ake auna kamalar mace, kuma Inna ta riƙe ta fiye da kowa a unguwarmu. Ana yaye ni aka kai ni wurin Goggo, yayar Baba, a can na girma, gida huɗu tsakanina da Inna. In na je gaishe ta sai ta amsa tana kallon aikin da ke hannunta. In za ta yi zancena ta ce "'yar Goggo", in dole ta kira ni ta ce "ke". Ƙannena kuwa ta goye su, ta yi musu kitso, ta zage su, ta rarrashe su. Ban taɓa ganin laifinta ba, haka na ga ana yi. Amma a wani lungu na zuciyata na ajiye cewa wata rana, a wani wuri da babu idon dangi, za ta sake da ni.

Shi ya sa da Baba ya rasu ta fita takaba, na dage sai ta zo ta huta a wurinmu. Lokacin muna hawa na goma sha huɗu a unguwar Concourse Village, Amira tana da shekara goma sha ɗaya, Nasir bakwai. Na yi wa ɗakin baƙi fenti da hannuna, na sayo bargo mai laushi da buta da darduma, na cika firji da abin da na san tana so. Na ce a raina nan New York ce, babu surukai, babu maƙwabtan da za a ji kunyarsu, daga ni sai ita. Ta iso lokacin da sanyi ya fara ja da baya. Ta zauna a kujerar bakin taga da carbinta tana kallon jiragen ƙasa suna wucewa can ƙasa, kuma haka ta yi wata biyu. Abinci loma uku. Duk abin da na tambaye ta, lafiya lau. Kuna yi mata Turanci, tana yi muku murmushi. Tana da ciwon suga da hawan jini, don haka kullum da safe kafin in tafi aiki nakan riƙe hannunta in soke ta a yatsa in auna. Wannan ne kaɗai lokacin da nake taɓa ta, kuma ko a nan taga take kallo.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wani matashin likita ce ɗan Indiya, mai koyon aiki a wani asibiti ba namu ba. Shi da matarsa tun asuba suke fita, su bar mahaifiyarsa ita kaɗai, wata siririyar tsohuwa mai fararen kaya, ita ma mijinta ya rasu. Shekara guda muna gaisawa da ka a lifta, ban taɓa tambayar sunanta ba. Wata rana da zafi ya tsananta, na dawo da Inna daga ganin likita saboda wani tari da ya ƙi barinta, muka tarar da ƙofarsu a buɗe don shan iska. Inna ta ja ta tsaya tana shanshanawa.

"Wa yake da ɗoɗɗoya a gidan nan?"

Tun zuwanta wannan ce tambaya ta farko da ta yi don ra'ayin kanta. Tsohuwar ta ji motsi ta leƙo, ta ga inda Inna take kallo: wata tukunyar ƙasa a kan ɗan teburi gaban taga, da shuka a ciki da ta kai ƙugun mutum, ganyenta ƙanana masu ɗan gashi, wasu kore shar, wasu sun yi ja mai duhu. Ta koma ta tsaya gaban shukar, ta haɗa tafukan hannunta ta yi wata 'yar magana a hankali, sannan ta tsinko ganye biyar ta kawo. Inna ta murje ɗaya ta kai hanci, ta lumshe ido. Ta ce ɗoɗɗoya ce, sai dai ta fi tamu kaifi, kamar an ɗura mata kanumfari. Tsohuwar ta nuna shukar ta ce "tulsi", ta nuna ƙirjinta ta ce "Lalita".

"Lalita?" in ji Inna. "Irin jakar kuɗin nan da mahauta suke ratayawa?"

Sai ta fashe da dariya har tarin ya taso mata. Lalita ma ta kama dariya ba ta san dalili ba. Ni ma na yi, don ranar ban san abin da ya shigo mini gida ba.

Washegari Lalita ta ƙwanƙwasa da kofi a rufe da faranti. Ganyen ne ta dafa da ɗanyar citta da masoro, ta zuba zuma. Kwana goma tana kawowa safe da yamma, tarin da maganin kwalbata ya kasa ya kwanta. Na ce wa babanku dama lokacin warkewarsa ne ya yi, kuma mai yiwuwa hakan ne, amma ni kaina na lura da saurin da na yi wajen faɗa. Daga nan suka ƙulle. Inna ba ta jin Turanci, ita ma Lalita nata bai taka kara ya karya ba, amma Inna ta sha kallon fina-finan Indiya a gidan ƙanwata Hauwa, ta tsinci "acca" da "pani" da "nahi", wato "to" da "ruwa" da "a'a", sauran kuma hannu da ido suka cike. Lalita ta nuna mata yadda suke yi da ganyen a garinsu: a dafa a sha don mura da zazzaɓi, a matse ruwansa a shafa a cizon ƙwaro, a haɗiyi ganye biyu da safe don ciki ya lafa, a sha da yamma in zuciya ta ƙi natsuwa. Inna ta nuna mata namu, yadda ake surace da shi a lulluɓe da zane, da turara shi don korar sauro, da jefa shi a farfesun mai jego. Wata rana na dawo na tarar da 'yar tukunya a tagar Inna, da ɗan tsiro mai ganye shida. Da butar alwalarta take ba shi ruwa bayan sallar asuba, tana juya shi yana bin rana. Ta ce ƙawarta ta ce ba a tsinkarsa in rana ta faɗi, ta kuma ƙara da cewa ai ko a gida mai hankali ba ya taɓa itace da magariba.

Inna ta fara cin abinci. Ta fara aikenku, ta fara yi wa Nasir faɗa in ya bar takalmi a hanya. Ya kamata in yi murna, kuma a baki na yi. Amma sai ga ta ta aike ni shagunan titin Fordham Road in sayo kuka da daddawa da gero, ita da ba ta taɓa neman ko tsinke a wurina ba. Na tafi jikina yana rawa, na zaɓo mafi kyau, ashe ƙawarta za ta yi wa tuwo, da miya babu nama don Lalita ba ta ci. Ina tsaye a kicin ina kallon ana ratsa ƙofata da kwanon. In na dawo aiki da yamma, tun daga lifta nake jin dariyarsu, da na sa makulli sai Inna ta dawo ta gyara lulluɓi ta yi mini sannu da zuwa kamar yadda ake yi wa mai gidan haya. Rannan na shiga na tarar da ita zaune a ƙasa babu ɗankwali, Lalita tana shafa mata man kwakwa a ka tana tausa mata. Sau uku ina cewa in yi mata kitso, sau uku tana cewa in bari, na gaji da aiki. Ban taɓa ganin furfurar uwata a buɗe ba sai ranar, a hannun wata.

Abin da ya ƙarasa ni ya faru ne wata Laraba da aka sallame mu da wuri. Na fito daga lifta da ledoji a hannu biyu, ƙofar Lalita tana ɗan buɗe, na jiyo muryar Inna. Ta kai mata kundin hotunanmu suna dubawa. Da alama Lalita ta ɗora yatsa a kan wani hoto tana tambaya, sai na ji Inna ta ce:

"Hadiza."

Ta sake maimaitawa a hankali don waccan ta iya kamawa. Sannan ta zarce da Hausa, kamar mai yi wa 'yar'uwarta hira.

"Ita ce babba. Ita ta kawo ni. Ranar da aka ɗauke ta aka kai wa Goggo, kwana uku na yi ban ci abinci ba, na ce musu ciki ne yake ciwo. Ta fi su duka zuciya. Ni ta ɗauko."

Ina da shekara arba'in da huɗu, ranar na fara jin sunana a bakin wadda ta haife ni. Wata 'yar da ta fi ni hankali da ta zauna a wurin ta yi kukan daɗi. Ni kuwa haushi na ji. Abin da na yi shekara da shekaru ina jira, na tsallako da shi teku, na yi masa fenti na saya masa bargo, ga shi an juye shi a kunnen wadda ko kalma ɗaya ba ta fahimta ba. Na shiga gida na ajiye ledojin, na wanke kwanukan da ba su da datti. Daga ranar na fara neman dalili.

Dalilin ya zo da kaka, lokacin da ganyen itatuwa suka fara zuba. Lalita ta gayyaci Inna da ku biyu wani ɗan biki da yamma, ina wurin aiki. Amira ce ta tare ni da labari tun a bakin ƙofa, da Turanci, numfashinta har yana sarƙewa: an naɗe tukunyar da jan ƙyalle kamar amarya, an jera rake a gefenta, an kunna ƙananan fitilun mai, an yi waƙa ana kewaya ta. Ɗan Lalita ya yi muku bayani cewa a wurinsu wannan shuka ba ganye ba ce kawai, uwa ce abar bauta, kuma duk shekara a irin wannan lokaci suna ɗaura mata aure da ubangijinsu. Ya ce kowane gida a garinsu yana da ita a tsakar gida, mata suna ba ta ruwa da safe su kunna mata fitila da yamma, ana yin carbi da icenta. Na juya wurin Inna da fuskar da na tanada. Ta ce ita a gefe ta zauna, ba ta kewaya ba, ba ta ci abin da aka ajiye a gaban tukunyar ba, kuma da magariba ta yi Lalita da kanta ta taɓa ta ta nuna mata agogo don kada salla ta wuce ta.

"Na ga abin da suke yi," ta ce. "Nasu ne. Ni ganye nake sha."

Ranar Juma'a na hau jirgin ƙasa na tafi unguwar Harlem wurin wani malami da muke girmamawa, dattijo mutumin Damagaram. Na tsara masa maganar yadda za ta fi muni. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko mahaifiyata ta yi wa shukar sujada, ko ta roƙe ta wani abu. Na ce a'a.

"Hajiya, mutanen nan ai saniya ma suna girmama ta. Kin daina shan nono?"

Ya ce ganye halittar Allah ne, abin da wani ya ƙudura a kansa ba ya haramta shi ga mai shansa don magani. Bikin dai kada a koma, amma maƙwabci yana da haƙƙi ko ba musulmi ba ne, balle wanda ya ɗebe wa tsohuwa kewa a ƙasar da ba tata ba. Da na tashi tafiya ya dube ni ta saman tabarau ya ce in je in bincika ko akwai wani abin da yake damuna ban da wannan. Na yi godiya na fito ina jin haushinsa.

A gida ban yi ƙarya kai tsaye ba, abin da na yi ya fi ƙarya muni. Na ce na je na tambayi Malam, na girgiza kai, na bar kowa ya cike sauran. Na ƙara da ta asibiti, cewa ganyen yana iya sauke suga, in ya haɗu da ƙwayoyinta abin zai iya yin yawa. Wannan akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ni nake auna ta kullum, na san jininta bai taɓa daidaita kamar a watannin nan ba, kuma abin da ya kamata shi ne in gaya wa likitanta ya duba. Babanku bai yarda ba. Ya same ni a kicin ya ce tsohuwar nan ta fara cin abinci, ta fara dariya, in bar ta.

"Uwarka ce ko tawa?" na ce masa.

Ya fita ya bar ni. Wannan ma yana cikin abin da na nemi gafararsa kafin ya rasu.

Ranar Asabar da hantsi, Inna tana wanka, na ɗauki tukunyar. Tsiron ya girma ya yi rassa, har ya fara fitar da fure. Na ƙwanƙwasa wa Lalita, na yi mata Turanci dalla-dalla yadda za ta gane. Na ce Mama, kamar yadda take kiran Inna, ta gode, amma addininmu bai yarda ta ajiye wannan ba, kuma ta ce a dakata da zuwa. Ta karɓi tukunyar da hannu biyu ta kai ta goshinta. Ta dube ni da idanun nan nata masu ruwa-ruwa ta tambaya, da 'yan kalmominta, ko Mama ce ta faɗa. Na ce ita ce. Inna kuma da ta fito ta ga tagar wayam, na ce mata na mayar, Lalita ta fahimta. Ta daɗe tana kallon zoben da gindin tukunyar ya bari a kan katako. 'Yar fari ba a jayayya da ita, kamar yadda ba a wasa da ita.

Bayan kwana biyu Inna ta ɗauki mayafi ta je ta ƙwanƙwasa. Ina leƙe ta ramin ƙofa. Lalita ta buɗe kaɗan, ta haɗa hannu ta sunkuyar da kai, ba ta matsa ta ba ta hanya ba, don tana ganin abin da aka roƙe ta ke nan. Inna ta tsaya, ta ce "acca", ta juyo. Ita ta ɗauka Lalita ta yi fushi an mayar mata da kyauta, waccan ta ɗauka Inna ce ta guje ta. Kalma goma za ta warware komai, kuma ni kaɗai nake da ita. Amira za ta iya fassarawa, amma na riga na cika mata kunne.

Na samu abin da nake so, Inna ta zama tawa ni kaɗai, sai na tarar babu komai a hannuna. Ta koma kujerar taga. Dusar ƙanƙara ta sauka, ta kalle ta kamar yadda take kallon jirage. Na sayo shayi kala-kala na kwali ina dafa mata, ta karɓa ta ce Allah ya yi albarka, ya huce a gefenta. Tarin ya dawo. In mun haɗu da Lalita a lifta, tsofaffin biyu kowace sai ta kalli ƙasa, ni ina tsakiya ina kallon lambobi suna sauka. Kafin sanyi ya ƙare Inna ta ce tana so azumi ya same ta a ɗakinta. Na roƙe ta, na ce takardunta suna da sauran lokaci, ta ce ta gode, ta huta haka. Bayan tafiyarta da 'yan watanni ɗan Lalita ya gama koyon aikinsa suka tashi zuwa wata jiha. Ranar da suke loda kaya ta ƙwanƙwasa mini, ta miƙo wani mayafin ulu ruwan toka da ta saƙa da hannunta, ta ce na Mama ne. Na karɓa na jefa a ƙasan akwati.

Sai bayan shekara biyu na je Kano, da Hauwa ta yi waya ta ce jikin Inna ya matsa. Na tarar ta ɗan farfaɗo, tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta da la'asar. Ina fitar da tsaraba mayafin ya biyo hannuna. Ta tambayi inda na samo shi, na faɗa. Ta shimfiɗa shi a cinyarta tana bin saƙar da yatsa.

"Ashe ba fushi ta yi ba."

Ban shirya faɗa ba, amma na kasa ɗaukarsa kuma. Na gaya mata duka: abin da na ce wa Lalita da sunanta, da amsar da Malam ya ba ni wadda na ɓoye. Hauwa ta tashi ta ba mu wuri. Inna ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, kuma ba irin kallon da na yi ta fata ba ne.

"Me ta tsare miki?"

Na ce na ji ta ranar da take nuna hotuna. Na ce na ji abin da ta faɗa a kaina, kuma ni ba ta taɓa gaya mini ko rabinsa ba. Ina magana ina kuka kamar yarinya, da furfurata. Ta bari sai da na yi shiru.

"Ai don ba ta jin Hausa ne na iya faɗa," ta ce. "Wa kike so in gaya wa? Ke?"

Ta naɗe mayafin ta sa a bayanta. Ta ce abu ɗaya take so: in na koma in nemi matar nan duk inda take, in gaya mata ba ita ta ce kada ta zo ba.

Neman likita ba wuya ga ma'aikaciyar jinya. Cikin mako biyu da komawata na samu lambar ɗanta ta hannun wata abokiyar aiki. Ya gane ni, ya yi murna, ya tambayi Mama da ku. Da na nemi mahaifiyarsa ya ce ta koma Indiya bara, ta rasu wata biyar da suka wuce, a tsakar gidansu, an sa mata ganyen tulsi a baki kamar yadda suke yi wa mai barin duniya. Ya tambaye ni ko akwai saƙo. Na gaya masa, ban rage komai ba. Sannan ya ce har ta koma gida tana zancen Mama, tana cewa laifinta ne da ta gayyace ta bikin nan, ta ɓata wa baiwar Allah rai a kan addininta, ta rasa ƙawa ɗaya tak da ta yi a Amurka. Bai zage ni ba. Ya ce ya gode da na kira, ana jiransa a ɗakin marasa lafiya.

Na yi kwana uku ina juya yadda zan ce wa Inna. Da sauƙi in ce na isar, Lalita ta ji ta yi murna, babu mai ƙaryata ni. Ranar Lahadi da safe na kira, Hauwa ta kai mata wayar. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta tambaya ko na gaya mata. Na ce Lalita ta rasu, saƙon bai same ta ba, kuma ta tafi tana ganin laifin kanta. Ina jin kukan awaki a tsakar gidan, da wata tana daka.

"To," ta ce. "Nawa na yafe miki. Nata kuwa ba a hannuna yake ba."

Ta miƙa wa Hauwa wayar. Ta ƙara damina biyu a duniya, ina kiranta duk Lahadi, tana tambayar karatunku da jikin babanku, ba mu sake tayar da zancen ba har ta koma ga Allah.